Daga maƙerar ƙauye zuwa injin tururi: labarin gidan zubin ƙarfe na Tasker a Ingila

"Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni sana'ata zubin tukwanen alminiyam, yau shekara tara ke nan, kuma ina da niyyar fara zubin baƙin ƙarfe, musamman haƙoran injin niƙa. Duk sanda aka yi zancen Ingila ta da, manyan masana'antu masu dubban ma'aikata ake ambata. Shin su ba su yi ƙananan wurare irin namu ba ne? In sun yi, da me suka fara, me suke sayarwa, kuma me ya kashe su?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Sun yi ƙananan gidajen zubi, sun yi su da yawa ma. A zamanin Sarauniya Biktoriya, wato daga 1837 zuwa 1901, da wuya ka shiga garin da ake cin kasuwa a Ingila ba ka tarar da gidan zubi ɗaya ko biyu ba, galibi na iyali, uba da 'ya'ya da leburori kaɗan. Har yau in mutum ya duba murafen kwalbati da tsofaffin famfunan ruwa a garuruwan can, zai ga sunan mai zubin da sunan garinsa a jikin ƙarfen. Abin da kake son sani shi ne yadda irin wannan gida ke samun abincinsa da abin da ke durƙusar da shi, kuma ba na jin zance na gaba ɗaya zai amfane ka. Bari in ɗauki gida guda mu bi shi daga fari har ƙarshe: gidan Tasker da ke kusa da garin Andover a gundumar Hampshire, kudancin Ingila.

Kafin nan mu raba ayyuka uku da mutane kan cakuɗa. Akwai narka tama, wato fitar da ƙarfe daga dutsensa. Akwai ƙira, wadda maƙeri ke gasa ƙarfe ya yi ja ya buge shi a kan uwar maƙera. Sai zubi, irin naka, inda ake narka ƙarfe ya zama ruwa a zuba shi a mazubi. Ƙananan gidajen Ingila ba sa narka tama. Wannan aikin manyan tanderu ne a yankunan kwal, tun bayan da Abraham Darby ya fara narka tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale a 1709. Zuwa 1870 Birtaniya na fitar da ɗanyen ƙarfe kusan tan miliyan 6 a shekara, kimanin rabin na duniya duka. Ƙaramin mai zubi sai dai ya sayi curin ɗanyen ƙarfen nan, ya haɗa da tsofaffin ƙarafa, ya sake narkawa. Ka ga ashe ba su da nisa da kai mai sayen tsohon alminiyam a Fanteka.

Maƙerin da masu gonaki suka ƙaurace wa

Robert Tasker ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye a gundumar Wiltshire. A 1806 ya zo ƙauyen Abbotts Ann ya kama aiki a hannun maƙerin garin, a 1809 kuma maƙerar ta dawo hannunsa. Aikinsa na yau da kullum bai wuce na kowane maƙerin ƙauye ba: takalman dawaki, gyaran garma, ƙarfen ƙafar amalanke. Sai dai mutum ne mai riƙo da addininsa, kuma ba Cocin Ingila yake bi ba, yana cikin Kiristocin da suka ware daga cikinta, har yakan tara mutane addu'a a gidansa ranar Lahadi. A ƙauyen Ingila na wancan lokacin, limamin coci da masu manyan gonaki bakinsu ɗaya ne. Suka janye masa ciniki.

Wannan ƙauracewa ita ta tilasta masa neman masu saye a nesa, kuma a nan ne zubi ya shigo. Maƙeri yana jiran mai gyara ya zo ƙofarsa, don haka in maƙwabta suka juya masa baya ya shiga uku. Mai zubi kuwa kaya yake yi iri ɗaya da yawa, ya ɗora a amalanke ya kai wani gari inda ba wanda ya damu da cocin da yake zuwa. Robert ya ƙara ɗan tanderun zubi a maƙerarsa, wurin ya yi masa kaɗan, sai shi da ƙanensa William suka koma wani fili mai fadama a kwarin Anna, ba nisa da nan. Suka raɗa wa sabon wurin suna Waterloo, don tunawa da yaƙin da aka ci Napoleon, sarkin Faransa, a 1815.

Dubi abin da ya sa suka zaɓi fadama. Akwai rafi mai suna Pillhill da ke ratsa wurin, ruwansa na juya ƙatuwar taya, ita kuma tana tuƙa zuga-zugi da injin sassaƙar ƙarfe. Ba man fetur, ba kuɗin wuta. Sannan akwai hanyar ruwa da aka haƙa, aka buɗe a 1794, mai tsawon kimanin mil 22 daga Andover zuwa Redbridge kusa da tashar jiragen ruwa ta Southampton, kuma tana wucewa daf da su. Ta nan ɗanyen ƙarfe da kwal ke isowa cikin kwale-kwalen da doki ke ja daga gaɓa. Hampshire ba ta da kwal, ba ta da manyan tanderu, ƙasa ce ta alli da noman alkama da kiwon tumaki. Abin da take da shi shi ne manoma. Tasker ya zauna kusa da masu saye, ya bar kayan aiki su zo masa ta ruwa, domin jigilar curin ƙarfe ta fi jigilar garmar da aka gama araha, kuma curi ba ya karyewa a hanya.

Yadda ranar zubi take

Tanderun da irin waɗannan gidaje ke amfani da shi ana ce masa kufola, kuma ya yaɗu ne daga ƙarshen ƙarni na 18. Doguwar ganga ce ta ƙarfe a tsaye, an yaɓe cikinta da tubalin da ke jure wuta. Ta sama ake loda ta hawa-hawa: gasasshen kwal, ƙarfe, ɗan dutsen farar ƙasa, sai kuma kwal, haka har ta cika. Iska na shiga ta ramuka a kusa da gindi. Ƙarfen na narkewa yana ɗiga ta cikin garwashi ya taru a ƙasa, farar ƙasar kuma ta tattara datti ya zama kashin ƙarfe yana yawo a sama. In ya taru, sai a huda toshiyar yumɓu a bakin tanderun, ruwan ƙarfe ya kwararo cikin ludayi. Alminiyam ɗinka yana narkewa a digiri 660. Ƙarfen zubi sai ya kai wajen digiri 1,200, kuma kana bukatar ya zarce haka kafin ya gudana da kyau cikin siririn mazubi. Wannan tazarar ita ce duk bambancin da ke tsakanin sana'arka ta yanzu da wadda kake hange.

Ƙaramin gida ba kullum yake hura kufola ba. Ana shafe kwanaki ana shirya mazubai a ƙasan rumfa, in sun isa sai a sa rana a hura sau ɗaya a zuba duka, galibi da yamma, a bar su su kwana su huce. Shirya mazubin kuwa, in da za a ɗauke ka a kai ka rumfar Tasker, ba abin da zai zama maka baƙo. Akwati biyu ne, na sama da na ƙasa, yashi mai ɗan yumɓu da ɗan danshi, a danna shi a jikin samfur, wato kwafin abin da za a zuba, a barbaɗa busasshen yashi tsakanin akwatunan kada su manne, a fitar da samfur, a yanka hanyar da ƙarfe zai bi, a tsattsaga yashin da siririyar waya don hayaƙi ya sami mafita. Sukan ƙara garin kwal a yashin don fuskar kayan ta fito sumul. Gwajin danshi ma irin namu ne: ka dunƙula yashi a tafin hannu, in ya riƙe siffar yatsu ya karye biyu ba tare da ya wargaje ko ya manne maka ba, ya yi.

Na sha gaya wa ɗalibaina cewa mutumin da ya fi kowa daraja a gidan zubi ba ya taɓa ƙarfe. Kafinta ne, mai sassaƙa samfur da katako. Shi ya san cewa ƙarfen zubi na tsukewa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari in ya huce, don haka yana da ma'auninsa na musamman da ya ɗan fi na kowa tsawo. Shi ya san ya karkata gefen samfur kaɗan don ya fita daga yashi ba tare da ya rushe shi ba. Kuma duk samfurin da aka sassaƙa ba a yar da shi, ana sa masa lamba a ajiye a ɗaki. Bayan shekara talatin, ɗakin nan ya fi tanderu da ginin duka tsada, domin manomin da ya sayi injin yankan ciyawa a hannun uba zai dawo wurin ɗa neman haƙorin da ya karye, kuma ba inda zai same shi sai inda samfurin yake. Shi ya sa gobara a ɗakin samfura ta fi fashewar tanderu tayar wa mai gida hankali.

Bakin garma

Me suke sayarwa? Komai da manomi da mai gida ke bukata: kwamin shan ruwan dabbobi, famfon rijiya, murhu, firam ɗin taga, shingen ƙarfe, abin birgima na daidaita gona, injin shuka. Amma abincin yau da kullum shi ne bakin garma. Ƙasar Hampshire cike take da ƙanƙarar dutse mai cin ƙarfe, garma ba ta daɗewa bakinta ya dakushe. A da maƙeri ke ƙera shi, kuma sai an riƙa mayar masa yana wasawa. A 1803 wani mai zubi a Ipswich, Robert Ransome, ya yi rajistar wata dabara: a sa farantin ƙarfe a gefe ɗaya na mazubi, yadda ƙasan bakin garmar zai huce da sauri ya yi tauri ƙwarai, samansa kuma ya huce a hankali ya yi ɗan laushi. In ana noma, saman ya fi saurin cinyewa, sai bakin ya riƙa wasa kansa da kansa. Daga nan bakin garma ya zama kayan zubi mai araha, wanda ake cirewa a yar a ɗaura sabo.

A nan nake so ka tsaya, don ya shafe ka kai tsaye. Gada sau ɗaya ake sayenta. Bakin garma kuwa duk shekara mai shi zai dawo, kuma in ya dawo ba hannu rabbana zai zo ba, zai zo da tsohon ƙarfe da za a sake narkawa, zai kuma ga sabon famfo a tsakar gida ya tambayi kuɗinsa. Haƙoran injin niƙa da kake tunani su ne bakin garmar ƙasarmu. Kaya ne mai cinyewa, kowace unguwa akwai mai bukata, kuma nauyinsa bai kai ya gagari ƙaramin tanderu ba. A ganina zaɓinka daidai ne.

Ranar da aka fasa gidan

Ba kowa ya yi murna da kayan Tasker ba. Leburorin gona a kudancin Ingila da sussukar alkama da hannu suke cin abinci a lokacin sanyi, sa'ad da babu sauran aikin gona. Da injin sussuka ya shigo, wannan aikin ya tafi, ga albashi dama bai taka kara ya karya ba. A 1830 tarzoma ta barke daga gundumar Kent ta bazu yamma, ana ƙona tarin ciyawa ana farfasa injuna. Ranar 20 ga Nuwamba 1830 taron mutane daga Andover ya auka wa masana'antar Waterloo, suka lalata kayan aiki da abin da suka samu. An kama mutane, an yanke wa wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa kora Ostireliya. Ba na cikin masu ɗaukar waɗannan mutane jahilai masu ƙin ci gaba. Yunwa ce, kuma sun san sarai daga inda injin da ya raba su da aiki ya fito. Gidan ya gyara ɓarnar ya ci gaba da aiki.

A 1836, shekara guda kafin Biktoriya ta hau gadon sarauta, Robert ya janye ya bar wa William, shi kuma ya shigo da abokin tarayya mai suna George Fowle, sunan gidan ya koma Tasker da Fowle. Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne, a wurina, lokacin da gidan ya fi zama abin da kake tambaya a kai: ƙaramin gidan zubi mai yi wa yankinsa komai. Noma na da riba, manoma na sayen kaya, garuruwa na neman bututu da fitilun titi. A 1843 sun zuba gadar ƙarfe a kan kogin Anton a ƙauyen Upper Clatford, a 1851 kuma suka yi wata gadar ƙafa a Andover da ke ƙetare hanyar Micheldever, tana nan har yau. Sun gina wa ma'aikata gidaje a gefen masana'anta, da makaranta, da zauren taro. Alheri ne, amma alherin da ke da igiya a jikinsa, don wanda gidansa na maigidansa ne ba ya saurin ɗaga murya a kan albashi.

Tun da an ambaci gada, in faɗi halin ƙarfen zubi. Yana jure danniya sosai, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, ba ya kuma gargaɗi kafin ya karye. Gadojin da aka yi su da siffar bakan harbi, nauyi na danna su, sun daɗe. Inda aka sa shi aikin da ba nasa ba, an ji jiki. Ranar 28 ga Disamba 1879 gadar jirgin ƙasa ta kogin Tay a Sikotland ta rufta da jirgi da fasinjojinsa cikin guguwa, kuma binciken da aka yi ya gano cewa a rumfar da aka zuba ginshiƙanta, akan cike ramukan iska da wani haɗi na kakin zuma da garin ƙarfe a shafe don kada a gani. Duk mai zubi ya san wannan jarabar. Na taɓa karɓar wasu haƙoran inji daga wani wuri, an cike ramukansu an fesa fenti, ba su yi mako biyu ba suka tsage.

Injin tururi, da abin da ya biyo baya

A ƙarshen shekarun 1850 Fowle ya fita, 'ya'yan William suka shigo, gidan ya zama Tasker da 'Ya'yansa. Duniya ta sauya a daidai lokacin. Jirgin ƙasa ya iso Andover a 1854, an rufe hanyar ruwa a 1859, aka shimfiɗa dogo a kan gurbinta aka buɗe a 1865. Dogo ya sauƙaƙa kawo kwal, amma shi ne kuma ya kawo garmar Ipswich da injin garin Lincoln har ƙofar manomin Hampshire. Nisa da ke kare ƙaramin mai zubi daga manyan kamfanoni ta gushe.

Da farko Tasker dillancin injunan tururi na kamfanin Clayton da Shuttleworth na Lincoln suke yi, suna sayarwa suna gyarawa. A 1865 suka ƙera nasu na farko, irin wanda doki ke ja zuwa gona ya tuƙa injin sussuka, bayan 'yan shekaru kuma suka yi mai tafiya da kansa. Abin alfahari ne ga gidan da ya fara da takalmin doki, sai dai lissafin ya canza gaba ɗaya. Bakin garma yau ka zuba, jibi ka sayar, kuɗinka ya dawo. Injin tururi watanni yake ci, yana bukatar masu haɗa tukunyar tururi da masu sassaƙa da injuna masu tsada, kuma mai saye sau da yawa bashi yake ɗauka ya biya bayan girbi. Ga shi kana gasa da gida irin na Clayton da Shuttleworth, wanda zuwa 1890 ya riga ya ƙera injuna fiye da 20,000 yana aikawa ƙasashen waje. Doka ma ba ta taimaka ba: a shekarar 1865 ɗin nan aka kafa dokar da ta hana injin da ke tafiya a titi wuce mil 4 a awa a karkara, mil 2 a gari, kuma sai mutum ya riƙa tafiya a gabansa da jar tuta.

Sai babbar masifa ta zo daga inda ba a zata ba. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Birtaniya, jiragen ruwa masu tururi da dogo sun karya kuɗin jigila, ga daminar 1879 ta lalace. Zuwa 1894 farashin alkama bai kai rabin na farkon shekarun 1870 ba. Manoman kudu suka bar gonaki suka koma makiyaya, wanda bai bari ba ya daina sayen sabon kaya. In ruwa ya janye, kifin da ke bakin gaɓa shi ke fara mutuwa, kuma gidajen zubi na ƙauye su ne a bakin gaɓar. Akwai kuma ciwon da ke bin sana'ar gado: in wanda ya kafa ya rasu, magada da ba sa cikin aikin na neman rabonsu, wanda ya tsaya a rumfa sai ya ciwo bashi ya biya su. Gidan Tasker ya koma kamfanin hannun jari a 1896, a 1903 ya durƙushe, aka sake tayar da shi a 1907.

Abin da ya ɗan riƙe shi a wannan tsakani wata ƙaramar tarakta ce mai tururi da suka fitar a 1902, suka kira ta Little Giant, wato ƙaramin ƙato. Sun sayar da fiye da 300. Amma injin mai ya riga ya kama hanya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma motocin soja da aka yi gwanjonsu suka kashe kasuwar tururi. A 1926 kamfanin ya sake faɗuwa. A 1932 ya tashi da sabon suna, Taskers of Andover, wannan karo yana ƙera tireloli. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi dogayen tireloli kusan 4,000 na ɗaukar jiragen sama, waɗanda aka yi wa laƙabi da Queen Mary. Daga baya manyan kamfanoni suka yi ta saye suna sayarwa, har aka rufe wurin aka rushe a shekarun 1980, aka gina gidaje. Wasu daga injunansu na ajiye a gidan tarihi na Milestones da ke Basingstoke.

Ka lura sunan ya rayu shekara fiye da 170, amma gidan zubin ƙauye da muka fara da shi ya daɗe da shuɗewa kafin nan. Kuma kada ka ɗauki Tasker a matsayin ma'aunin kowa. Shi ya yi suna ne saboda ya kai ga yin injuna, mutane kuma na son tarihin injuna. Mafi yawan takwarorinsa ba su taɓa ƙera injin tururi ba. Wasu sun mutu tare da mai su, wasu kuma sun tsaya a kan murafen kwalbati da kayan gyara suka ratsa ƙarni na 20 shiru, ba durƙushewa ko sau ɗaya. Ni mai zubi ne da koyar da zubi, da idon sana'a nake karanta wannan tarihi, kuma idon sana'a ya fi ganin hikima a wurin waɗannan na biyun.

Abin da zan ce maka game da naka shirin

Ingila ta wancan zamani tana da abu biyu da ba ka da su: gasasshen kwal mai araha da ɗanyen ƙarfe mai sanannen inganci. Kai da tsofaffin ƙarafa za ka yi aiki, don haka tantancewa ita ce rabin sana'ar. Fasassun bulok ɗin injin mota da gangar birki ƙarfen zubi ne mai kyau. Ka fasa da guduma ka dubi karayar: in toka-toka ce mai ƙwaya-ƙwaya, naka ne. Rodi da sifirin da ƙarfen da ke lanƙwasa kafin ya karye, waɗannan ba sa narkewa a zafin da kake iya samu cikin sauƙi, kuma in sun yi yawa a haɗi suna ɓata zubi. Kada dalma ko wani abu daga batir ya kusanci tanderun da za a zuba kayan niƙan abinci. Haƙoran da suka yi laushi kuma a cikin garin mutane suke ƙarewa, shi ya sa dabarar Ransome ta cancanci ka gwada: fuskar da ke niƙa ta yi tauri, bayan ya yi ɗan laushi yadda za a iya huda shi a ɗaure ba tare da ya tsage ba.

Batun wuta, in gasasshen kwal ya yi maka wuyar samu, da yawa daga masu zubin baƙin ƙarfe a ƙasar nan da baƙin mai da fanka mai ƙarfi suke aiki, kuma don ƙananan kaya ya wadatar. Abin da nake ji maka tsoro shi ne sabo. Hannun da ya saba da alminiyam yakan raina danshi. Shekarun baya muna gwada wata ƙaramar kufola da muka yi da ganga, wani yaro ya tari ƙarfe da ludayin da aka yaɓe da safe bai gama bushewa ba. Ƙarfen ya yi tsalle har rufin kwano, Allah ya kiyaye ba wanda ya rasa ido, amma akwai mai tabo a wuya har yau. Ludayi sai an gasa shi ya yi zafi, ƙasan rumfa yashi busasshe ba siminti ba, takalmin fata mai rufe ƙafa, kuma ba a zubi da silifas ko da na minti ɗaya ne.

Kada ka saki tukwane tukuna, su ne za su ciyar da sabon tanderun har ya tsaya da ƙafarsa. Ka fara da girman haƙori ɗaya, wanda masu injin unguwarku suka fi nema, ka samu kafinta mai haƙuri ya sassaƙa maka samfur da katako mai kyau, ka sa masa lamba ta ɗaya. In ka yanke shawarar irin tanderun da za ka gina, ka aiko mini da faɗin gangar da girman fankar da kake da ita, sai mu yi lissafin iska da nauyin kowane lodi tare.